Hoton Firjin Kaka Stoyanka

Shekara ashirin da shida Tsveta tana aikin jin daɗin jama'a a ƙauyukan bayan dutse, kuma ƙa'idarta ɗaya ce: ba ta fito da biro sai ta sha gahawar masu gida. Masifaffiya ce, kowa a ofis yana shakkar bakinta, amma ba gidan da aka taɓa hana ta shiga.

Sai aka raba musu wayoyi. Wai duk gidan da ke da yaro a ɗauki hoton firji, na'ura ta duba ta faɗi wanda ke cikin haɗari. Wasu da ba su san hanyar ƙauye ba ne suka zauna a birni suka ƙago wannan shirme. Tsveta ta yi ta mita, amma ta bi. A gidan Kaka Stoyanka, mai riƙon jikarta Ralitsa tun da uwar ta tafi aikatau Italiya, kunya ta hana ta neman izini. Ta bari tsohuwa ta juya baya, ta buɗe firjin a sace ta ɗauka.

Firjin wayam. Wa ke kunna firji lokacin da dusar ƙanƙara ke zuba? Abincin Stoyanka yana ɗakin ƙasa: gangar kabeji, buhunan wake da dankali, kwalaben gasasshen tattasai reras. Tsveta ta sani sarai, ta sha ci. Ita kuwa na'ura ba ta sauka matakala.

Bayan kwana tara takarda ta fito: yunwa, a kai Ralitsa gidan marayu. Sa hannun Tsveta kawai ake jira.

Ta faɗa ofishin shugabansu, Ognyan, ta dangwara masa kwalbar tattasai a tebur.

"Daga gidan masu yunwar aka ba ni wannan. Buɗe wa na'urarka ta ɗanɗana."

"Haba Anti Tsveta, ke fa kika ɗauki hoton."

"Ni ce, kuma tir da ni. Amma hannuna ba zai hau takardar nan ba. Abin da bai taɓa taka gidan ba shi zai raba yarinya da kakarta? Kai ka sa naka, in ba ka da kunya."

Bai sa ba. Duk da haka sai da aka kwashe wata uku ana jeka-ka-dawo. Baƙin jami'ai suka zo suka ƙirga kwalabe, suka titsiye Ralitsa da tambayoyi a gaban ƙawayenta, sannan aka soke maganar. Su ne suka nuna wa tsohuwa hoton.

Da Tsveta ta koma, a bakin shinge Stoyanka ta tare ta.

"An gama, Iya. Ba mai taɓa Ralitsa."

"Na ji. Lokacin da kika ɗauki hoton nan, ni ina ina?"

"Kina dafa min gahawa."

Tsohuwa ta ɗora hannu a kan sakatar ƙofar shingen, ba ta zare ba.

"To, faɗi abin da ya kawo ki daga nan. Ina jin ki."