Kwanon Cima

Cima matar Falalu, ta can bayan garin Cadawa, ba da sanyin nan aka haife ta ba. Ku da kuka san ta yanzu kuna cewa ba ta da baki. Hm! Da ƙuruciya in aka taɓa ta bakin rijiya, sai mutum ya bar guga ya gudu.

Da ita da mijinta suka shiga bin Almasihu, uwar mijin, Inna Maryama, ba ta kore su ba. Kwano ta ware ma Cima, wani mai lotsattsen gefe, ta ce nan za ta riƙa ci, kada hannunta ya shiga akushin mata. Murhu ɗaya, kwano daban. Ita kuwa Cima ba abin da take so duniya kamar a ce ma ta, matso mu ci.

Ta kai kuka wurin matar fasto. Matar ta ce, "Yaya Cima, Ubangijinmu ma duƙawa ya yi ya wanke ƙafafun mabiyanshi. Tawali'u koyon shi ake, kullum kullum."

Cima ta ce, "To ni na gaji tun ban fara ba."

Ana haka ɓarin jikin Inna ya shanye. Falalu yana cin rani Agadas. Ɗiyar Inna, Fiddausi, tana aure can garin Sae Sabuwa, sai jefi-jefi ta zo bisa moto ta koma. Wa ya rage? Cima. Ita ce wanki, ita ce juya tsohuwa, ita ce kwashe abin da ba a faɗi. Harshen Inna kuwa bai shanye ba.

"Arniya, kokon nan ya yi tsami."

"To Inna, arniyar dai ce ke nan. Buɗe baki."

In zuciya ta taso, sai ta zagaya bayan rumbu ta zazzage ma jaki duk abin da ke bakinta, ta yi addu'a, ta share ido ta dawo. Jakin nan ya sha magana. Damina ta wuce, wata ta zo, bayan Cima ya ranƙwafa, kwanon yana nan daban.

Da kaka, wata safiya, Inna ta cika. Mata suka taru. Cima ta ɗauko sabulu za ta shiga ɗaki kamar kullum, sai Fiddausi ta tare ƙofa.

"Matar yaya, wankan gawa na Musulmi ne. Ki tsaya waje."

Kai, maganar da ta taso ma Cima! Ina kuke sanda take kwana cikin fitsari? Ta zo har bakin leɓe, mata duk sun zuba ido suna jira, don sun san Cimar da. In ta furta, ita da akushin gidan sai dai kallo.

Ta haɗiye. Ta miƙa sabulun, ta ɗauki bidon ruwa ta nufi fanfo. Ta jido ruwa, ta ɗumama yadda Inna ke so, ta aje bakin ƙofa, ta koma ta ƙaro.

Cikin ɗaki kuwa, da aka juya gawar, Fiddausi ta ga bayan uwarta sumul, ba gyambo ko ɗaya, ga sabon kitso a kai.

Bayan an kai ta, aka kawo tuwo. Cima ta ɗauki lotsattsen kwanonta ta zauna gindin rumbu. Sai ga Fiddausi ta baro akushi, ta zo ta duƙa.

"Matar yaya, matsa mani."

Ta sa hannu cikin kwanon.

Shekarun da Cima ta yi tana jiran wannan! Amma ko ƙarfin murna ba ta da shi. Tura kwanon ta yi tsakiya, ta yi loma kaɗan, ta jingina da rumbu. Barci ya kwashe ta da tuwo a hannu.