Mafitan Hajiya da Larabar Toka

Shekarar da soja suka tattara nasu ya nasu suka koma bariki, ina aji biyu a jami'a. Gidanmu yana Ƙofar Na'isa, ko a ƙafa ana zuwa makaranta daga can, amma na kafe sai da aka kama mini gado a ɗakin kwanan ɗalibai. A gidanmu ba a karatu. Kina buɗe littafi za a tuna gishiri ya ƙare.

'Yar ɗakina 'yar Katolika ce daga kudancin Zariya. Ban taɓa kwana ɗaki ɗaya da wadda ba Musulma ba, don haka makon farko ido na zuba mata. Sai na ga ita ma da carbinta, sai dai nata da ɗan gicciye a ƙarshensa. In na tashi sallar asuba, ita ma sai ta sauko ta durƙusa a gefen gadonta. Kafin zango ya ƙare, in na makara ita ke taɓa mini ƙafa ta ce, "Malama, an kira salla fa."

A lokacin ba su da ginin ibada a ɓangarenmu. Wani ɗakin lacca ake ba su aro ranar Lahadi. Su shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin malami, su kunna kyandir, limaminsu da suke kira Fada ya zo daga Sabon Gari a kan babur ya yi musu ibadarsu ta Misa, lissafin ranar Juma'a yana nan a allo bayan kansa ba a goge ba. Ƙawata ce mai kula da kayan. Ƙyallen da kyandir da 'yar ƙararrawa duk suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonta, kuma ko ni ba ta yarda in ɗora kofi a kansa.

A wurinta na san cewa shekararsu ma tana da watanninta kamar tamu. Da azuminsu na kwana arba'in ya kama, ta daina cin nama ranar Juma'a, ta bar shan suga gaba ɗaya, da yamma kuma su zaga filin ƙwallo suna tsayawa suna durƙusawa, abin da suke kira Hanyar Gicciye. Ni kuwa bakina ba ya shiru. Na ce mata, "Wannan wane irin azumi ne da ake shan ruwa tsakar rana?"

Ta ce, "Ku fa? Da an kira magariba kamar fara ta sauka a gonar gero."

Ana saura mako guda Ista, bikinsu na ƙarshen azumi, suka yi Lahadin Dabino. Daga taga na hango su sun taho a jere, kowa da ganyen dabino a hannu, suna waƙa. Da rana ta shigo ɗaki da dami guda na ganyen da ya ragu. Na ce ta ba ni in yi tsintsiya. Ta kalle ni kamar na zagi uwarta, sannan ta yi mini bayani. Fada ya sa wa ganyen albarka, ba a yar da shi, ba a shara da shi. Ajiye shi ake yi ya bushe har baɗi, a ƙona, tokar ita za a shafa wa kowa a goshi ranar da za a fara sabon azumi. Ranar ita ce Larabar Toka.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo aka ce kowa ya kwashe kayansa daga ɗaki. Akwatin ƙarfe ya bi Fada a bayan babur, amma damin ganye ba shi da wuri, ita kuma motar garinsu ba ta ɗaukar abin da zai karye a bar shi lafiya. Ta ce za ta kai gidanmu. Shugaban ƙungiyarsu, wani dogo ɗan aji huɗu mai karatun lauya, ya ce sam. A gabana ya faɗa, bai ko sassauta murya ba, wai abinsu in ya shiga cikin birni ba ya fitowa. Raina ya ɓaci, na buɗe baki, sai ta riga ni. Ta ce, "Na san gidan. Zai fito." Haka ta faɗa a gaban mutanensu, kuma kowa ya ji.

Muka zuba ganyen a buhun taki muka kai wa Ummata. Umma ta karɓa ta ɗora a saman sito. Kakata, wadda duk unguwa ke kira Hajiya, ba ta nan, ta tafi Gwarzo wankan jegon wata jikarta. Da ta dawo Umma ta ji nauyin gaya wa surukarta cewa akwai kayan coci a gidan, sai ta ja bakinta ta yi shiru.

Hajiya masaƙiyar mafici ce tun tana yarinya. Ba ta sayarwa, kyauta take yi da su, ta yi musu baki da zaren ulu ja da kore. Mahaifina yakan sayo mata kaba ko ganyen dabino ya ajiye a sito ba tare da ya ce komai ba. To ta shiga neman wani abu ta ga buhu cike da ganye mai kyau, dogo, ba tsaga. Me za ta ce? Ta sa wa ɗanta albarka, ta jiƙa ganye, ta zauna. Duk daminar nan saƙa take yi tana rabawa. Ni kaina na sha fifita da ɗaya in na zo gida, har ina yaba laushinsa.

Aka koma makaranta, aka yi Kirsimeti, muka yi azumi muka yi salla. Lokaci-lokaci ƙawata takan ce, "Ajiyata na nan?" In ce tana nan, don a sanina tana nan. Sabuwar shekarar ta zo da zafin siyasa. Ana ta maganar shari'a a rediyo da majalisun bakin titi, sannan rikici ya tashi a jihar da ke maƙwabtaka da mu, aka rasa rayuka. Ɗalibai irin su ƙawata suka daina fita gari sai dole. Duk da haka, Asabar ɗin da ta rage kafin Larabar Toka ta yafa gyale ta biyo ni gida ɗaukar buhu.

Buhun yana nan a saman sito. Busasshiyar kuɓewa ce a ciki.

Umma ta rasa inda za ta sa fuskarta. Hajiya tana zaune a tabarma a inuwar ɗakinta tana fifita, ta ce me ake nema. Na gaya mata.

Ta ce, "Ganyen dabino? A buhun taki?"

Na ce, "Shi."

"Ba ubanki ne ya sayo mini ba?"

Hannunta ya tsaya. Ta juya maficin ta dubi bayansa, ta dubi gabansa, ta ajiye shi a cinya. Ƙawata ta zauna a kan turmi. Ba ta yi kuka ba, ta ce, "Ba komai, Mama." Na zauna da ita shekara guda, na san yadda muryarta take in da komai. Ba toka kaɗai take tunani ba. Tana tunanin dogon nan da abin da ya faɗa, da yadda za ta tsaya a gabansu ta ce ya yi gaskiya.

Ni mai neman gajeriyar hanya ce. Na ce a je Kurmi a sayo busasshen ganyen dabino, wa zai bambance? Toka ai toka ce. Ƙawata da Hajiya suka juyo suka dube ni da ido iri ɗaya.

Ƙawata ta ce, "Ba a sa masa albarka ba."

Hajiya ta ce, "Ke 'yar boko, ajiya ita ake mayarwa, ba irinta ba." Sannan ta juya ga ƙawata. "'Yata, in an saƙa shi, albarkar ta fita?"

Ta ce ba ta sani ba, amma ba ta jin ta fita.

Hajiya ta ce, "To je ki. Ranar Talata ki turo wannan ta kawo miki."

Wanda bai tashi a cikin birni ba ba zai gane nauyin abin da ta ɗauka ba. A wurinmu ba a kyauta a dawo a karɓe. Hajiya da kanta ta koya mini tun ina ƙarama cewa mai yin haka kamar kare ne da ya koma wa amansa. Mace ce da ba a taɓa jin ta nemi ko allura a maƙwabta ba. Washegari da hantsi ta ɗauki mayafinta da sandarta, ta miƙa mini buhu ta ce in biyo ta.

Kowane gida magana ɗaya take yi bayan gaisuwa. "Na zo da abin kunya. Maficin da na ba ki ba nawa ba ne, ajiyar mutane na taɓa ban sani ba. Ki ba ni, zan saƙa miki wani." Wasu su ɗauko nan take suna cewa haba Hajiya. Wasu su tsaya tambaya, ita kuwa ba ta ɓoye ko na wane ne. Mai masar bakin layi da nata take hura wuta, gefe guda ya riga ya ƙone. Hajiya ta karɓa ta ce wannan ya fara tafiya tun kafin a kira shi. A gidan wani dattijo aka ce uwargidan ta sa nata a jaka ta tashi zuwa Makka makon jiya. Hajiya ta ce, "Wannan kam sai haƙuri."

Inda abin ya yi zafi shi ne Jakara, gidan aminiyarta, wata Hajja 'yar asalin Barno, matar malami. Tare suka yi ƙuruciyar aure. Da ta ji ko ganyen mene ne, fuskarta ta canza.

Ta ce, "Kin bar ni ina jan carbi ina fifita da kayan coci?"

Hajiya ta ce, "Ni ma ban sani ba, Hajja. Iskar da ya ba ki kuwa ta Allah ce."

"Kuma a kansu kike yawo gida-gida da tsufanki, a irin wannan lokaci?"

"A kan amana nake yawo."

Hajja ta jefo maficin tsakar gida. Ni na sunkuya na ɗauka, don ban so kakata ta sunkuya. Daga ranar gaisuwarsu ta koma ta hanya, kuma ba ta ƙara taka gidanmu ba sai ranar da ta zo ta'aziyyar Hajiya. Muka kamo hanyar gida, kakata tana gaba da sandarta. Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ji haushin kowa, har da ganyen. Da muka shiga gida ta ɗauko nata maficin, wanda ta fi yi wa ado, ta tura cikin buhun da hannunta.

Ranar Talata bayan la'asar na kai buhu bayan ɗakin lacca, inda suka taru. Ƙawata ta zazzage shi a gaban Fada, ta faɗi yadda aka yi daga farko har ƙarshe. Fadan dattijo ne ɗan Filato. Ya ɗauki mafici ɗaya ya fifita, ya ce albarka ba ta warwarewa don an yi saƙa. Dogon ya ce ai ganyen bai cika ba. Ƙawata ta ce, "Ɗaya ya tafi aikin hajji." Fada ya yi dariya har ya sarƙe. Dogon bai yi ba, amma shi ya durƙusa ya fara warware zaren ulu yana cire mariƙai. Suka ƙona a cikin kasko, suka tankaɗe. Aikin Hajiya na damina guda bai cika gwangwanin madara ba.

Ranar Laraba da safe ƙawata ta dawo ɗaki da baƙin gicciye a goshi, ta ce za ta je ta gode wa Mama. Na ce ta wanke fuska tukuna. Ta ce ba a wankewa. Na ce to ta ja gyale ta rufe, gari ba daidai yake ba. Ta ja har gira, muka tafi.

Mun tarar da Hajiya tana azumin farkon watan babbar salla, tana fifita da murfin kwali. Ƙawata ta durƙusa gaisuwa, gyalen ya zame. Hajiya ta kama haɓar zaninta za ta goge mata, sai ta tsaya.

Ta ce, "Shi ne wannan?"

"Shi ne, Mama."

Ta matso da fuskar kusa, don idonta ya yi rauni, ta daɗe tana kallo. Ta tambayi me ake faɗa in ana shafawa. Ƙawata ta ce ana tuna wa mutum cewa daga ƙasa ya fito, kuma can zai koma. Hajiya ta gyaɗa kai ta ce, "Wannan ai ba baƙon zance ba ne."

Da za mu tafi, ƙawata ta kai hannu za ta ja gyale. Hajiya ta ce ta bari. Ta yunƙura ta ɗauki sandarta. Umma ta ce, "Hajiya, da azumi a bakinki, ga rana?" Ba ta ko juyo ba. Ta kama hannun ƙawata ta ce, "Goshin nan aikin hannuna ne a kai. In ga wanda zai yi magana."

Haka muka bi lungu, ta gaban mai masa, ta gaban majalisar samari da ke bakin shagon tela, ta wurin masu raguna. An kalle mu. Hajiya tana gaida kowa da sunan ubansa, suna amsawa suna sunkuyar da kai. Ba ta saki hannun ba sai da muka fita ƙofa, motar haya ta tsaya, ta ga ƙawata ta zauna. Sannan ta ce in riƙe ta mu koma, ƙafafunta sun gaji.