Kawu da Mai Askin da Ya Koya wa Gita

Kawuna mai gyaran rediyo ne. Wani ya taɓa kawo masa gyaran gitar bas, mai ba waƙa amon nan mai kauri, bai kuma dawo ɗauka ba. Kawu ya koya wa kansa kaɗa ta tsakanin wayoyi da ƙaurin dalma, har yatsunsa suka yi kanta.

Mai askin da ke jikin shagonsa yakan leƙo in babu mutane. Kawu ya nuna masa yadda ake danna tsirkiya. Shekara biyu bayan haka wata ƙungiyar mawaƙa ta zo neman mai bas. Su biyun suka je gwaji. Aka ɗauki mai aski.

Tun ranar kawu bai sake ambatarsa ba, sai dai ya ce "mutumin nan". In ya gyara rediyo waƙarsu ta fito, sai ya murɗe tasha da ƙarfi kamar zai karya maɓallin.

"Ni ba na sauraron shirme," in ji shi.

Matarsa ta ce, "To, Maigida, ya aka yi ka san mutumin nan ya makara a baiti na biyu?"

Ashe kowace safiya kafin ya buɗe shago yakan saka waƙar, ya bi kiɗan mai aski tiryan-tiryan, sannan ya sake kaɗa shi yadda ya kamata a ce an kaɗa. Shekara shida yana haka. Ya taɓa gaya min, "Da don son kiɗa ne kawai, da tuni na ajiye. Haushi ne ke tashe ni."

Wata rana mai wani situdiyon ɗaukar waƙa ya kawo gyaran lasifika. Kawu ya jona gitarsa don gwaji, ya ɗan taɓa. Mutumin ya tsaya da makullin mota a hannu.

"Malam, kana da aiki ranar Talata?"

Yanzu da kiɗa kawu yake ci da iyalinsa, ya bar wa ƙanensa shagon. Bara suka haɗu da mai aski a situdiyo. Mai aski ya rungume shi, ya ce wa jama'a, "Wannan ne malamina!"

Kawu ya dawo gida yana huci, ya ba matarsa labari.

"Kin ji shi? Har da kirki ma sai ya fi ni."