Na Tsinci Basillar Mma Abida a Bola

Ba wanda ya faɗa mini kin rasu, Mma. A bola na gani.

Ranar Alhamis ce, sha huɗu ga Nuwamba, 2024. Na sauka daga yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, a unguwar Kalpohin da hantsi, da jiƙaƙƙiyar kaba a cikin leda kamar yadda kika ce in zo da ita. Kafin in kai ƙofar gidan ɗanki, Yaya Sheriff, idona ya faɗa kan tarin shara a jikin katanga. Na ga damin ciyawa biyu. Na ga gwangwanin madarar da kike ajiye karan dafi a ciki. Na ga faifan da muke saƙawa ni da ke, basilla soke a jikinsa, wadda kika naɗe gindinta da jan ƙyalle. Shekara arba'in na san basillar nan. Ko aro ba kya bayarwa. Da na gan ta kwance cikin ɓawon lemu da ledojin ruwa, na san ba kya duniya. Sai bayan nan na lura da rumfa da kujerun roba a cikin gidan.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mma Abida mai faifai ta Sabonjida ta rasu ranar Laraba da safe, sha uku ga wata, aka kai ta makwancinta bayan la'asar. Ba a kira ni ba. Mansuratu, matar Yaya Sheriff, ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce ruɗewa suka yi, dangi kawai aka samu aka kira. Na yarda da ita, domin gaskiya ne ni ba dangi ba ce. Ta ce kayan kuwa share ɗakin aka yi don mata masu gaisuwa su sami wurin zama. Na koma waje na tsince su da hannuna, mutane suna kallona.

Sunana Bashiratu. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ban taɓa rubuta abu mai tsawo haka ba. An ce mini ta'aziyya ba wurin fushi ba ce. Na sani. Na yi kwana tara ina jiran fushin ya sauka kafin in ɗauki biro, bai sauka ba. Mma, ki yafe mini, haka zan rubuta.

Uwata mai koko ce, ɗakinmu yana jikin naki a Sabonjida. Tun asuba take fita, sai ta tura ni wurinki da zanena a hannu. A kan tabarmarki na ƙarasa barcin yarintata. Ba ki taɓa raba kwanona da na 'ya'yanki, Yaya Sheriff da Zuleiha, ba. In an yi laifi tare, tare ake shan duka, kuma nawa ba ya fin nasu zafi.

Abin da na fi tunawa shi ne tafiya ɗaurin ciyawa. Waɗanda ba su sani ba, ga yadda ake yi. Idan damina ta zo ƙarewa, ciyawar faifai ta yi tsawo amma ba ta nuna ba, mai saƙa takan shiga daji ta zaɓi wadda take so, ta tattara kanta ta ƙulle a tsaye. Duk macen da ta zo ta ga ƙulli ta san da mai ita, ba za ta sa lauje ba. Bayan mako huɗu ko biyar a dawo a yanka. Kowace mace da irin ƙullinta. Naki kan karkata hagu, da wutsiya a waje.

Kina idar da sallar asuba za mu kama hanya, ke a gaba, mu uku a baya. A lokacin, Kalpohin gonaki ne da daji. Raɓa ta jiƙa mu har cinya. Kina gaida manoma da Dagbanci, su amsa, wani ya ciro mana ɗanyar gyaɗa da ƙasarta. Kina tsayawa ki ce mu yi shiru, sai mu ji fakara tana kira. Ke kika nuna mini sawun zomo, da ramin da bai kamata a sa hannu ba, da yadda ake murza ganye a shinshina kafin a san ko na miya ne. Akwai wata babbar ɗorawa da muke hutawa a gindinta. Can kike kwance bakin zane ki fito da ƙuli-ƙuli. Yaya Sheriff yakan sha ɗinya har harshensa ya yi baƙi, ya dinga zaro mana shi muna gudu. Ba mu da komai, amma ni ban san ranar da ta fi waɗannan daɗi ba.

A gida kuma sai jiƙa kaba, sai dafa karan dafi har ruwan ya yi ja wur. Faifan da na fara saƙawa ya lanƙwashe ta ko'ina. Kika ɗaga shi sama don matan gida su gani, kika ce, "Bashira, wannan faifai ne ko hular mahaukaci?" Na yi kuka. Da yamma sai na gan shi a kan tukunyar tuwonki. Shekara biyu kina rufe tuwo da shi.

Babu amaryar da ta bar layinmu ba da faifanki a cikin kayanta ba. Wadda iyayenta ba su da hali, nata ya fi kyau, kuma ba kya bari ta san dalili. Da faifai da tabarma kika kai Yaya Sheriff har ya zama ma'aikacin gwamnati. Wannan kowa ya sani a Sabonjida.

Abu ɗaya ne ba ki koya mini ba, wato rufe baki. Kowa zai iya naɗa kaba a kan ciyawa ya yi ta zagayawa. Amma zagayen ƙarshe, wanda ke hana faifai warwarewa, naki daban ne a garin nan. Kitso ne mai igiya uku, ba a ganin inda ya fara, ba a ganin inda ya ƙare. Duk abin da muka saƙa, ke kike karɓa ki rufe. Kin ce sai hannuna ya daina gaggawa. Kafin ya daina na yi aure, na koma Kanvili na buɗe shago, na ajiye saƙa shekara ashirin da biyar. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Yanzu zan yi magana da kai, Yaya Sheriff. Na san za a karanta maka.

Ban ce kai ka kashe ta ba. Rai na Allah ne, ranarta ce ta zo. Maganata a kan wata goma sha huɗun da suka gabaci ranar ce. Bara ta zame a hanya da dami a ka, ƙafarta ta gurɗe. Wani abokin aikinka ya gan ta daga cikin mota, ya je ofis ya tambaye ka ko ba mahaifiyarka ba ce. A makon ka kwashe ta daga Sabonjida. Ka ce ta wahala, lokacin hutunta ya yi. Ka ba ta ɗaki mai tayil da fanka da talabijin. Ka hana ta fita sai a mota. Ka hana a shigo da ciyawa, wai tana jawo ɓeraye. Kowa ya yabe ka, har ni na yabe ka a makon farko.

Ƙafarta ta warke cikin wata ɗaya. Likita da kansa ya ce ta riƙa tafiya kullum saboda hawan jini. Sai ka ce ta zagaya cikin gida. Macen da ta san kowace bishiya daga nan har bayan Kanvili, aka ce ta zagaya motarka a kan siminti, sau goma da safe, sau goma da yamma. Ta yi kwana uku, ta ce ita ba akuyar ɗaure ba ce, ta zauna. Daga wannan zaman ba ta sake miƙewa da ƙarfinta ba.

Ka san inda ka gina gidanka kuwa? Ita ta gane tun ranar da aka kawo ta. Ta ja ni taga ta nuna mini kan wata bishiya a bayan katangar maƙwabcinka. Ɗorawarmu ce. Ta ce a daidai inda gadonta yake, nan take ƙulla ciyawa mafi laushi. Wata goma sha huɗu tana kwana a kan filinta, ba ta taka ƙasarsa ba ko sau ɗaya. Taku nawa ne daga ƙofarka zuwa gindin bishiyar nan? Na ƙirga ranar addu'ar uku. Ɗari da sittin ne.

Ta roƙe ka. A gabana ta ce ka bar ta ta je daji ko sau ɗaya, ba za ta ɗauko komai ba, gani kawai za ta yi. Ka yi dariya ka ce, "Mma, me kika rasa a gidan nan?" Da ka fita ta dubi hannuwanta ta ce mini sun yi laushi kamar na mara lafiya.

Daga nan na fara yi maka ɓarna, kuma yau na faɗa. Duk Alhamis ina shigo da ciyawa da kaba a ƙarƙashin atamfa, kamar mai kawo ɗinki. Mansuratu ta sani, ta kau da kai, Allah ya saka mata. Mu rufe ƙofa, Mma ta jawo kayan daga ƙarƙashin gado. Tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya tana ɓoye sana'arta a gidan da sana'ar ta gina. In ta ji ƙarar mota sai ta tura faifan ƙarƙashin filo ta kama tasbaha. Muna dariya a lokacin. Yanzu in na tuna, zuciyata tafasa take yi.

Kuma a falonka, a saman talabijin, faya-fayanta bakwai ne a jere a bango. Da idona na ga kana nuna wa baƙi kana cewa aikin mahaifiyarka ne. Faifan kana so. Ciyawar da aka yi shi da ita, da ƙafar da ta je ta yanko, su ne abin kunya.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. A watan Oktoba ta ce mini lokacin ɗauri ya yi, in zo da yalo-yalo ranar da kake wurin aiki mu fita awa biyu mu dawo. Na ji tsoronka. Na ce mako mai zuwa. Mako ya zo na sake cewa mako mai zuwa. Daga ƙarshe ta daina tambaya, ta kwatanta mini wani fili a bayan Kanvili, kusa da kududdufi, ta ce in je ni kaɗai. Na je na ƙulla guda goma sha ɗaya, irin ƙullinta, na hagu. Na tsinko kaɗan na kawo mata a bakin mayafi. Ta daɗe tana shinshinawa. Ta tambaye ni ko fakara tana nan. Na ce tana nan, alhali ban tsaya na saurara ba. Mma, awa biyu kika roƙe ni. Na ba shago shekara ashirin da biyar, na hana ki awa biyu.

Alhamis ɗinmu ta ƙarshe kika juya faifan a hannunki, kika ja zagayen da na yi, bai motsa ba. Kika ce, "To, hannun ya kwanta. Zan fara bakin, ki zo da jiƙaƙƙiyar kaba mu ƙarasa tare." Na zo da kabar.

Kin fara. Faɗin yatsa uku kika yi. Na kalle shi har idona ya gaji, ban gane ta inda igiya ta uku take shiga ba. Na kai wa tsofaffi biyu a Sabonjida, suka ce na Abida ne, su ba haka suke yi ba. Hanya ɗaya ta rage, a warware bakin wani faifanki da aka gama, sannu a hankali, a ga yadda ya tafi. Na gidajen mutane duk sun tsufa, kabar karyewa take yi in an taɓa. Yatsa ukun nan kuwa ba zan warware su ba, su ne abu na ƙarshe da hannunki ya yi.

Shi ya sa ranar addu'ar bakwai na durƙusa gaban Yaya Sheriff na roƙi ɗaya daga cikin bakwai na bango. Ya ce, "Bashira, waɗannan na tarihi ne, ba a taɓa su." To, Yaya, ga roƙon nan na sake yi a rubuce, inda kowa zai gani. Ɗaya nake so. Zan warware bakinsa, in Allah ya nufa in mayar maka da shi yadda yake. In na kasa, ka rasa ɗaya cikin bakwai. In ka hana, za su yi ta rataya har gara ta cinye su, kuma ba mai sake yin irinsu. Asabar mai zuwa zan je yanka, kafin masu farautar gafiya su sa wa dajin wuta. Ka san hanya. Ka taɓa binta ba takalmi.

Allah ya jiƙan Mma Abida, ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata kabarinta, ya sanyaya shi. Allah ya saka mata da gidan Aljanna mai inuwa da ruwa, inda ba mai rufe mata ƙofa. Ina yi wa Yaya Sheriff ta'aziyya da zuciya ɗaya, domin na ga kukansa kuma na san na gaske ne. Ina yi wa Zuleiha da Mansuratu da jikoki da dukan matan Sabonjida. Allah ya ba mu haƙuri, ya yafe mana abin da muka yi mata da wanda muka ƙi yi.

Ciyawar tana tsaye a bayan Kanvili, ƙulli goma sha ɗaya, ba a yanka ba. Faifan yana kan akwatina da basillar a jikinsa. Yatsa uku aka rufe, sauran yana buɗe, kuma ban iya ba.