Wanda Ya Yi Waƙar Koriyar Mota

Yau shekara tara da rasuwar yayana, kuma har yanzu waƙarsa ba ta bar ni na huta ba. Duk wanda ya taɓa shiga tasi a Zariya ya ji waƙar koriyar mota, mai tafiya kamar ruwa a kan faranti. Sunan wani mawaƙi ne a jikin kaset ɗin. Amma a zauren gidanmu na Kwarbai aka haife ta. Yaya yana rerawa ƙasa-ƙasa, ni ina rubuta masa baitocin a bayan littafina na makaranta.

Direba ne a wani ofishin gwamnati. Motar ba tasa ba ce, ko lungunmu ba ta iya shiga, sai dai ya ajiye ta a bakin titi ya tako da ƙafa, yana tafe yana waiwayenta. Gidanmu kuwa gidan malamai ne tun kakanni, kuma a wajen Baba waƙa roƙo ce, ɗan gidan ba ya yin ta. Don haka Yaya ya kai wa wani mai jita baitocin kyauta, da sharaɗin kada sunansa ya fito. A cikin wannan mota Allah ya karɓi ransa, a hanyar Kaduna.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai ga yau. Motoci sun yi layi a gidan mai tun safe, direbobi sun kunna waƙarsa suna hamma. A gidan biki ƴanmata suna rawa da ita, sun sauya rabin kalmomin. Ina jin murmushi kawai zai yi. Ni ce ba na iyawa.

Watan jiya na kasa daurewa. Baba yana kan buzu, idonsa ya yi rauni, waƙar tana shigowa daga rediyon maƙwabta. Na durƙusa na ce, "Baba, Yaya ne ya yi wannan."

Carbi ya tsaya a hannunsa. Sannan ya ce, "Kada ki ƙara faɗa wa kowa. Ki bar min ɗana ya kwanta da mutuncinsa."

Shi ya sa kuka karanta har nan ba ku ga sunansa ba, kuma ba za ku gani ba. Waƙar ta kowa ce yanzu. Ranar da na bi Yaya kabari, shi ke nan, sirrin ya tafi tare da ni. Allah ya jiƙanka, Yaya.