Tsakuwar Mansur

Daga Gumel zuwa Farlomi

Mun bar Gumel kafin kiran assalatu, a bayan motar gyaɗa, ni da ƙanena. Niyyata biyu ce: in sauke farali, in kuma komo da ɗana Sale, wanda ya tafi Makka tun yana saurayi bai dawo ba. A iyakar ƙasar Faransi, kafin garin Farlomi, aka sauke mu, aka yi mana lamba a damtse. Direba ya ce, "Inna, riƙe ƙarfen nan da kyau, gaba ba hanya, sai ikon Allah."

Sudan da teku

Mota ta kai mu inda jirgin ƙasa yake, shi kuma ya kai mu bakin teku. Asida muke ci da miyar kuɓewa busasshiya. A jirgin ruwa ban ci komai ba sai ruwan shayi.

Jidda zuwa Makka

Wajen la'asar muka iso shingen da wanda ba Musulmi ba ba ya wucewa. Wani Bature na tsaye a inuwar motarsa, yana miƙa wa akawunsa gwangwani biyu. Akawun Bahaushe ne, motarmu ya shigo. Ya ce Baturen shi ke kula da mutanen ƙasarmu, kuma Turawa na so Hausawan Makka su zaɓi shugaba da kansu, yadda ake koya mana a gida. Na ce masa mun ji wannan a ajin yaƙi da jahilci. Har muka yi nisa Baturen yana kallonmu, bai motsa ba.

Mansur

Sai bayan mun sauko daga Mina na sami Sale. Ya yi ƙiba, ya sa farar riga, a can Mansur ake kiransa. Ya durƙusa, muka yi kuka. Na ce ya haɗa kayansa.

"Inna, ki bari a yi zaɓe tukuna. Ni Bature ya tsayar."

Ya sauke ni gidan Hajja Kulu, wata Basakkwatiya mai sayar da waina. Na lura duk inda muka bi tare da shi, hira sai ta mutu, a ja ƙyaure. Na tambaye ta.

"Ya Hajja, mi za ni ce miki? Rabinmu ba mu da takardar zama. In anka naɗa ɗanki, aikinai ya ƙirga mu."

Ranar zaɓe da hantsi aka ajiye gwangwanayen a bakin rumfa, ɗaya na Sale, ɗaya na Baba Manu, tsohon da ke raba musu gardama tun da can. Da yake yawanci ba su karatu, akawu ya ce kowa ya jefa tsakuwa a na wanda yake so.

Maza suka fito a layi, ba tari, ba gaisuwa. Ƙarar tsakuwa kawai ake ji. Duk a gwangwanin Sale take faɗawa. Yana murmushi yana waiwayena. Da na matsa kusa sai na ji abin da leɓunansu ke faɗa. Kowa in zai saki tasa sai ya ɗaga hannu daidai kafaɗa, ya yi kabbara a hankali, yadda muka yi wajen jifan Shaiɗan a Mina. Daga nan ya wuce ya sumbaci hannun Baba Manu, wanda gwangwaninsa ko ƙwaya babu.

Akawu ya ce Sale ya ci, akawun kaɗai ya yi tafi.

Na ja ɗana gefe. "Sale, ba zaɓenka suka yi ba. Taho mu tafi gida."

Ya yi dariya. "Haba Inna! Ba ki ga gwangwanin ba? Har zuba yake."

Na yi ta lallashinsa har ranar tashinmu. Ya rako ni mota, ya ba ni dabino. Da muka tashi na hango shi tsakiyar titi yana ɗaga mini hannu, mutane suna ratse shi ta dama da hagu, ba mai kallonsa.

Gida

Hanyar da muka bi ita muka komo. Mun shiga Gumel da azahar, ruwa na sauka. Na gode wa Allah da ya nuna mini ɗakinsa, da Hajja Kulu da ta riƙe ni, da ku da kuka kula mini da yara. Maƙwabta suka cika tsakar gida suna tambaya, "Hajiya, ina Sale?" Na ce an naɗa shi shugaba a can. Suka rangaɗa guɗa. Na shiga ɗaki na bar su suna yi.