Ƙanena Bala da Ruwan Wankan Hajiya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Bala, Allah ya jiƙansa. Duk lokacin da aka ce in yi magana a kansa, alherinsa nake faɗa in ja bakina. Yau zan ƙara da abin da na daɗe ina ɓoyewa: na yi kishin Bala yana raye, kuma ban tabbata na daina ba.

Ni na riga shi zuwa Amurka. Ni ne injiniya mai digiri biyu da ofis a Washington. Shi kuwa a ɗakin ƙasa na gidana da ke Bowie ya fara zama, har ya koyi aikin haɗa injinan ɗumama gida da ruwa.

Da sabon injin nan ya fito, mai zuƙo ɗumi daga iska ya ba ruwan tanki, kowannenmu ya sa a gidansa. Injin ba ya cin wuta, amma ba ya saurin ɗumama ruwa. A cikinsa akwai hita mai saurin zafafa ruwa, ita kuma ga ci. Na zauna na yi lissafina, na kashe hitar gaba ɗaya. Kuɗin wuta ya sauka, na riƙa alfahari.

Sai mahaifiyarmu ta zo daga Kano a tsakiyar sanyi, ta sauka wajena tunda ni ne babba. Da safe yara uku su yi wanka, ni da matata mu yi, kafin a zo kan Hajiya ruwan ya huce. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Wata Asabar Bala ya zo gaishe ta, ya tarar tana juye ruwan da ta dafa a tukunya cikin bokitin wanka. Ya ja ni gefe.

"Yaya, bar ni in taɓa injin nan. Hitar ta taimaka da safe kawai, sauran yinin a ƙyale shi ya yi a hankali. Abin da zai ƙaru kaɗan ne."

"Ni za ka koya wa lissafin zafi?"

"Ban san lissafi ba, Yaya. Na dai san lokacin da Hajiya take wanka."

Bayan kwana biyu Hajiya ta ce za ta je ta yi wa Bala mako guda. Wata huɗu ta yi a ɗan gidansa. Ina ji tana gaya wa 'yan'uwa a waya cewa gidan Bala ruwan zafi ba ya yankewa. Abin da ya fi cin raina, kuɗin wutarsa bai wuce nawa da wani abin kirki ba. Ya naɗe bututun ruwansa don kada zafi ya tsere, ya mayar da wanki da wanke-wanke bayan azahar, shi ke nan. A ɓoye na kunna hitata. Har ciwon zuciya ya ɗauke shi a shekarar da ta biyo, ban ce masa ya yi gaskiya ba.

Yanzu daga waya ake saita waɗannan injina. Nakan ce ko me Bala zai ce da ya gani? Ina jin zai yaba, sannan ya tambayi mai gida ko akwai tsoho a gidan, ko mai jego.

Kwanan baya a wajen wani suna a Alexandria, kusa da Washington, wata dattijuwa 'yar Kumasi ta ji sunan mahaifinmu, ta tsaya tana kallona. Ta ce Bala ne ya saita mata injinta, ya ƙi karɓar komai, kuma har yau ba ta bari kowa ya taɓa. Ba ta tambayi aikina ba.

"Ɗana, kai ne yayan Bala mai ruwan zafi?"

Shekara talatin ina gina sunana a ƙasar nan, sai ga shi da nasa ake gane ni. Na ji abin ya soke ni kamar dā. Na durƙusa na ce, "Ni ne, Mama. Ki sa shi a addu'a."